Me ake nufi da "shan iska" a bakin makanikai?

Ka kai mota ko babur gareji a Maraɗi, injin yana ta kuka shi kaɗai alhali ba ka taɓa totur ba. Maigidan gareji zai kasa kunne kaɗan, ya ce maka: "Alhaji, iska yake sha." Wanda bai san sana'ar ba sai ya yi mamaki, domin ai kowane inji da iska yake aiki. Abin da makanike ke nufi shi ne iskar da ta shigo ta ɓarauniyar hanya, wadda ba ta bi ta kafireta an auna ta ba. Waɗanda suka koyi aikin da Faransanci "prise d'air" suke ce mata.

Aikin kafireta, wadda wasu ke kira karbiratar, shi ne gauraya mai da iska bisa awo. Injin fetur yana son kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai, idan da nauyi aka auna. Iska na wucewa ta wani matsattsen maƙogwaro, ta zuƙo mai daidai ƙarfin gudunta. To, tsakanin gindin kafireta da bututun da ke kai gaurayen cikin inji akwai wani siririn faifai mai toshe tsakani. Shi ne juwan, abokan aikinmu na Jibiya da Katsina kuma gaskit suke cewa. Lokacin da totur yake rufe, pistin na zuƙa da ƙarfi ta ƙasa, don haka iska na iya kutsawa ko ta tsagar da ba ta fi silin gashi ba a wannan juwan. Mai ya yi kaɗan, iska ta yi yawa.

Alamun ba ɓoyayyu ba ne. Ralanti, wato kukan inji lokacin da ba a taɓa totur ba, ya ƙi zama wuri ɗaya, ya hau ya sauka. Ka ba da wuta ka saki, kukan ya daɗe kafin ya sauko. A gangara salansa ta riƙa tas-tas. Ka ja cok sai injin ya ji daɗi, domin ka rage masa iska. Ka kwance buji, wato fulogi, ka ga bakinsa fari fat kamar toka, maimakon ruwan ƙasa-ƙasa.

Kada a haɗa wannan da yoyon mai. Shi yoyo daga juwan ɗin kwanon da ke ƙarƙashin kafireta yake fitowa, ko kuma fulota, wadda ke tsayar da mai idan kwanon ya cika, ta maƙale mai ya cika ya tumbatsa. Wannan ana ganin sa, ana jin warinsa. Shan iska kuwa ba ya ɗigar da komai a ƙasa, shi ya sa yake yaudarar mutane.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ake gaggawar ɗaukar sukundireba a murɗa sukurun mai, wato wanda ke ƙara ko rage mai a kafireta, har kukan ya daidaita, a miƙa wa mai abin hawa makulli. Ramin yana nan inda yake. Gauraye mai ƙarancin mai yana ƙara wa inji zafi, kuma mu da muke ganin zafin da ya haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu ba mu da rarar da za mu yi wasa da ita. Injin da ake takurawa shi ya fi shiga haɗari: Land Cruiser mai injin 3F ko 1FZ-F da ta sha kaya a hanyar Dakoro, tsohuwar Fijo 504 mai kafiretar Solex, ko babur ɗin saurayin da aka ƙara wa babbar kafireta don gudu. Bawul na iya ƙonewa, kan pistin na iya hujewa. Ga kuma ƙura, tunda iskar da ta shigo ta tsaga ba ta bi ta matatar iska ba. A lokacin hunturu yashi ne zalla yake shiga yana cin silinda.

Nemo ramin ba ya buƙatar na'ura. A bar injin yana ralanti, a fesa ruwa kaɗan-kaɗan a kewayen gindin kafireta, da mahaɗar bututu, da bakin kowane ƙaramin tiyo. Inda kukan ya canza, nan ne. Wasu da maganin wanke kafireta suke fesawa, yana aiki, amma yana kama wuta, kuma bai kamata a bar yaron gareji ya yi shi kusa da salansa mai zafi ba. A babur, wuyan robar da ke riƙe kafireta shi ne abin zargi na farko, domin rana na busar da shi ya tsattsage. A tsohuwar kafireta kuma, sandar totur kan cinye mazauninta har iska ta riƙa bi ta gefe, wanda canza juwan ba zai magance ba.

Sau da yawa hannu ne ke jawo matsalar. Gindin kafireta ƙarfe ne mai laushi, in aka ɗaure noti da ƙarfin tsiya sai kunnuwansa su lanƙwashe, tsakiya ta ɗaga. A ɗora shi a kan gilashi a duba. Idan akwai ɗan gibi, a shimfiɗa sanfefa mai laushi a kan gilashin a goge shi har ya kwanta. Wajen mayarwa a riƙa ɗaure notina a gicciye, kaɗan-kaɗan. Kafiretar tsere irin Weber DCOE ma a kan zoben roba ake ɗora ta, kuma da gangan ake barin ɗan sassauci don girgizar inji kada ta kumfantar da mai.

Juwan da aka yanka daga kwalin sukari zai iya kawo ka gida daga Madarunfa, amma kada ka bar shi ya yi mako. Silikon kuwa fetur na jiƙa shi ya ruɓe, gutsattsarinsa su toshe ƙananan hanyoyin mai. A sa sabon juwan a kan busasshen ƙarfe mai tsabta, a bar injin ya yi zafi ya huce, a sake taɓa notinan. Sai bayan nan ne za a koma kan sukurun mai, a mayar da shi inda yake kafin a murɗa shi.