Kafin ka raba istibyan: abin da dokar kare bayanan mutane ta Saudiyya ta ce ga ɗalibi mai bincike

A ƙarshen zangon karatun da ya wuce, wani ƙanena da ke haɗa digiri na biyu a fannin tattalin arziki a Jidda ya turo min istibyan ɗinsa, wato takardar tambayoyin bincike, ta WhatsApp, ya ce, "Yaya, don Allah ka duba min kafin in kai wa mushrif." Mushrif shi ne malamin da ke duba aikinsa. Bincikensa a kan ƙananan masu sana'a ne na cikinmu Hausawan Saudiyya, masu baƙala (kantin kayan masarufi) da teloli da matan da ke dafa abincin sayarwa a gida, yana son sanin yadda suka ji a jikinsu tun da aka ɗaga harajin kaya daga kashi 5 zuwa kashi 15 cikin ɗari a ranar 1 ga Yulin 2020. Batun ya yi min, don abu ne da kowa ke kuka da shi a majalisa. Shafin farko ne ya tsayar da ni. Cikakken suna, lambar waya, lambar iƙama (katin izinin zama a ƙasa), ƙabila, unguwa, nawa kake samu a wata, sai tambaya ta ƙarshe: da sunan wa aka yi rajistar shagon? Nan take na kira shi na ce kada ya bari ko mutum ɗaya ya cike takardar nan sai mun zauna.

Dalili shi ne akwai doka a ƙasar nan da ta yi magana a kan wannan, kuma da yawa daga cikin ɗalibanmu ba su san ta shafe su ba. Sunanta da Larabci Nizamu Himayatil Bayanatish Shakhsiyya, wato dokar kare bayanan mutum. Ta fito da dokar sarki mai lamba M/19 a watan Satumban 2021, aka yi mata gyara da wata mai lamba M/148 a watan Maris na 2023, ta fara aiki ranar 14 ga Satumban 2023. An ba mutane shekara guda su daidaita harkokinsu, wa'adin kuma ya cika ranar 14 ga Satumban 2024. Mai sa ido a kanta ita ce hukumar bayanai da ƙirƙirarriyar basira, wadda aka fi sani da Sadaya.

Abin da ƙanen nan nawa ya fara ce min shi ne, ai wannan doka ta bankuna ce da kamfanonin waya. Haka mutane da yawa suke zato. Amma dokar da ta zo bayanin wanda take kira mai iko da bayanai, ta ambaci hukumar gwamnati, ta ambaci kamfani, ta kuma ambaci mutum ɗaya tilo, matuƙar shi ne yake yanke shawarar me za a tattara da yadda za a yi da shi. Abin da ta cire kawai shi ne amfanin kai da na iyali, kamar lambobin dangi da ke cikin wayarka ko jerin waɗanda za ka gayyata walima. Risala, wato kundin digiri, da za a tattauna a gaban malamai, a ajiye a ɗakin karatu, wataƙila a buga a mujalla, ta riga ta fita daga da'irar iyali. Kuma kariyar ba ta ɗan ƙasa ba ce shi kaɗai. Duk mai zama a ƙasar ta rufe shi, har mamaci ma idan bayanin zai sa a gane shi ko a gane wani cikin iyalinsa.

Mene ne bayanin mutum a wurin dokar? Duk abin da zai kai ga gane shi, kai tsaye ko ta bayan gida: suna, lambar shaida, adireshi, lambar waya, lambar asusun banki, dukiyar da ya mallaka, hotonsa, bidiyonsa. Wannan "ta bayan gida" ɗin shi ne inda mu Hausawa ya kamata mu fi kula. Al'ummarmu a Makka da Madina da Jidda kowa ya san kowa. Ka cire suna, amma ka rubuta a babi na huɗu cewa wata dattijuwa mai shekara sittin da ke sayar da fura a bakin wani masallaci a Misfala tana samun kaza a wata, to duk wanda ya taɓa zama a unguwar ya san wadda kake nufi. Sunan da ka goge bai ɓoye ta ba.

Wanda kuma bincikensa a kan alkaluman kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ta Tadawul ne, ko rahotannin babban banki, ko ƙididdigar da hukumar ƙididdiga take wallafawa, ya kwantar da hankalinsa. Dokar ɗaiɗaikun mutane take karewa, ribar kamfanin siminti ba ta cikin lissafinta.

Asalin ƙa'ida shi ne yarda. Ba ka tattara bayanin mutum sai da amincewarsa, kuma yana da damar janye amincewar duk lokacin da ya ga dama. Kafin ya amince ɗin ma sai ka faɗa masa wane ne kai da inda kake karatu, don me kake tambaya, waɗanne tambayoyi ne dole waɗanne ne na ganin dama, wa zai ga amsoshin, da ko za a fitar da su waje da ƙasar. Yana da haƙƙin ya nemi ganin abin da ka rubuta a kansa, ya ce a gyara, ko ya ce a goge idan buƙatarsa ta ƙare. Takardar da jami'a ke ba ɗalibi don sauƙaƙa masa aikin bincike, wadda muke kai wa ma'aikatu da kamfanoni, tana buɗe maka ƙofar ofis ne kawai. Izinin manaja ba ya maye gurbin yardar ma'aikacin da zai cike takardar.

To amma dokar ba ta manta da masu bincike ba. Sashe na 27 namu ne, kuma a ganina duk ɗalibin tattalin arziki ko gudanarwa ya kamata ya san shi kamar yadda ya san lambar jami'arsa. Ya halatta tattara bayanai ko aiki da su don ilimi ko bincike ko ƙididdiga ba tare da an nemi yardar mai su ba, a hali uku. Na farko, idan babu wani abu a cikin bayanan da ke nuna ko wane ne mutumin. Na biyu, idan za a lalata duk abin da ke nuna shi yayin aikin, kafin a nuna wa kowa, da sharaɗin bayanan ba masu hatsari ba ne. Na uku, idan wata doka ce ta wajabta, ko kuma akwai wata yarjejeniya da mutumin ya riga ya shiga. Na ukun nan ba kasafai yake shafar ɗalibi ba. Na farko da na biyu su ne hanyoyinmu.

Sharaɗin da ke maƙale da hali na biyu shi ne wurin da ƙanena ya kusa faɗawa. Dokar ta ware wasu bayanai ta kira su hassasa, masu hatsari ke nan: asalin launi ko ƙabila, aƙidar addini ko ta tunani ko ta siyasa, bayanan tsaro da na laifuka, bayanan ƙwayoyin halitta da na sassan jiki irin su zanen yatsa, bayanan lafiya, da abin da ke nuna cewa ba a san ɗaya daga iyayen mutum ko dukansu ba. Ka ga ke nan tambayar "ƙabila" da muke sakawa a shafin farko ba tare da tunani ba, Bahaushe ne ko Bafulatani ko Babarbare, tana cikin wannan rukuni. Mai binciken inshorar lafiya da ya tambayi wace cuta ke damunka shi ma ya shiga. Da zarar ka haɗa irin wannan tambaya da suna ko lambar waya, ƙofa ta biyu ta rufe, alƙawarin "zan goge daga baya" ba zai fishe ka ba. Sai dai ko ka nemi yarda bayyananna wadda za ka iya nuna shaidarta, ko tun farko kada ka karɓi abin da zai nuna mutumin. Haka ma bayanan bashin mutum da yadda yake biya, ƙa'idojin zartar da dokar sun nemi yarda bayyananna a kansu, abin da ya shafi masu binciken bankuna da rance.

Ni dai shawarata kullum ita ce ƙofa ta farko. Na tambayi ƙanena, a cikin jadawalin da za ka fitar, ina za ka yi amfani da lambar iƙama? Ya yi shiru, sannan ya ce don mushrif ya tabbatar ba ƙirƙirar amsoshin ya yi ba. Damuwa ce ta gaskiya, amma akwai hanyoyin tabbatar da hakan da ba sai an jera lambobin mutane ba: lambar jeri a kan kowace takarda, ranar cikewa, da takardar yarda da aka ajiye daban, ba a haɗe da amsoshi ba. Dokar kanta ta ce abin da za a tattara ya tsaya a kan mafi ƙarancin da manufar ke buƙata. Ta kuma hana ɗaukar hoto ko kwafin takardun shaida na hukuma sai in doka ta nema ko hukumar da ke da hurumi ta buƙata. Saboda haka cewa mutum "kawo iƙamarka in ɗauka a waya" ba hurumin ɗalibi ba ne ko kaɗan.

Tambayar rajistar shago kuwa ita ta fi tayar min da hankali, domin tana taɓo wata dokar daban. Dokar yaƙi da tasattur, wato baƙo ya gudanar da kasuwanci a ƙarƙashin sunan ɗan ƙasa, wadda aka sabunta a 2020, hukuncinta yana kaiwa ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5. Dattijon da ya amsa maka wannan tambaya da gaskiya, don ya ga kai ɗan gida ne, ya san mahaifinka, ya damƙa maka wuyansa ne. Idan wayarka ta ɓace, ko fayil ɗin ya zaga cikin rukunin WhatsApp na 'yan ajinku, ba kai ne za ka kwana a tsare ba. Ko da babu wata doka, wannan amana ce mai nauyi, kuma bai kamata ɗalibi ya ɗauke ta don cike shafi ɗaya na risala ba.

Sai maganar fitar da bayanai waje, wadda sashe na 29 ya yi magana a kai. Mun saba, in an gama tattara amsoshi, a tura fayil ɗin Excel ga wani gwanin manhajar ƙididdiga ta SPSS a Kano ko Alƙahira ya fitar da jadawali. Idan akwai sunaye da lambobi a ciki, ka fitar da bayanan mazauna ƙasar zuwa waje ke nan, dokar kuma ta gindaya sharuɗɗa: kada ya taɓa tsaron ƙasa ko manyan muradunta, a samu kariya mai dacewa a can inda za a kai, kuma a taƙaita a kan abin da ake buƙata. Ɗalibi ba shi da halin tabbatar da wannan a kan kwamfutar wani da bai taɓa gani ba. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka share duk layin da ke nuna mutum kafin fayil ɗin ya bar hannunka. Mai amfani da Google Forms kuma ya leƙa saitinsa ya kashe wurin da ke tattara adireshin imel, don sau da yawa mutum yana cewa istibyan ɗinsa ba suna alhali kowace amsa tana zuwa da imel ɗin mai ita. Wanda yake karatu a Najeriya ko Nijar yana tura tambayoyi ga mazauna Saudiyya, shi ma dokar ta ce ta shafi aikin da ake yi daga waje a kan bayanan mazauna ƙasar.

Hukuncin ba na wasa ba ne. Wanda ya bayyana ko ya wallafa bayanai masu hatsari da nufin cutar da mai su ko don ya samu wata fa'ida, yana fuskantar ɗaurin da zai kai shekara 2, ko tarar da za ta kai riyal miliyan 3, ko duka biyun. Sauran saɓa wa dokar kuwa gargaɗi ne ko tarar da za ta kai riyal miliyan 5, ana kuma iya ninkawa ga wanda ya maimaita. Wanda aka cutar yana da damar zuwa kotu neman diyya. Idan bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, ƙa'idojin sun ce a sanar da hukuma cikin awa 72 da sanin abin. Waɗannan alkaluma iyakar sama ce, ana duba girman laifin. Amma ga ɗalibin da ke zaune da iƙamar karatu da ɗan alawus na wata, ko takardar gargaɗi ta isa ta dagula masa shekarunsa.

Bayan an tattauna risala an ci walima, aiki bai ƙare ba. Dokar ta ce a lalata bayanai da zarar manufar tattara su ta ƙare, sai dai in an cire duk abin da zai sa a gane masu su, to a nan ana iya ajiyewa. Na sha ganin kwalin takardun istibyan a saman kabad a ɗakin ɗalibai, mai su ya koma gida shekara biyu da suka wuce, lambobin wayar mutane suna nan a fili. Haka muryoyin hira da ke kwance cikin tsohuwar waya da aka ba ƙane.

Mun zauna da ƙanen nan nawa bayan sallar isha'i muka sake shafin farko. Suna ya fita, lambar iƙama ta fita, lambar waya ta koma wata takarda daban ga wanda yake son a turo masa sakamako. Shekaru da kuɗin shiga suka koma tsakanin kaza zuwa kaza, unguwa ta koma gari. Tambayar ƙabila ya ga ba ta da aiki a lissafinsa, ya cire. Ta rajistar shago ma haka. A saman takardar ya rubuta layi biyar da Larabci da Hausa, yana bayanin ko shi wane ne da inda amsoshin za su. Ya ba ni labari daga baya cewa wata Hajiya mai sayar da waina ta sa ya karanta mata layukan nan sau biyu, ta ce, "Ɗan nan, ka tabbata babu sunana?" Ya nuna mata takardar gaba da baya. Sannan ta gyara zama ta fara lissafa masa kuɗin shinkafa da mai da gas, tun daga kafin ƙarin haraji har zuwa wannan watan.