Kafin ku ɗauki jaka ku bi tsohon layin dogo

Assalamu alaikum 'yan uwa na Aboabo, Asawase, Sabon Zango da sauran unguwanninmu na Kumasi. A 'yan kwanakin nan samarinmu masu fita motsa jiki da asubar Asabar suna yawan yi mini tambaya ɗaya: sun ga bidiyon Turawa suna tafiyar kwana da kwanaki a ƙafa kan tsohon titin jirgin ƙasa, to me zai hana su ma su bi namu daga Kumasi har Akra? A matsayina na ma'aikaciyar lafiya na ji daɗin tambayar ƙwarai, domin hawan jini da ciwon suga sun yi mana yawa a Zango, kuma tafiya a ƙafa tana cikin abubuwan da ke rage su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum yana buƙatar motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako. Amma ƙannena, abin da kuka gani a waya ba irin layinmu ba ne.

Can ɗin, sai da aka yi aiki kafin aka ce wa mutane bismillah. Katy Trail da ke jihar Missouri a Amurka tana da tsawon kusan kilomita 386, kuma an cire ƙarafunan dogon, an zuba niƙaƙƙen dutse an daddaɓe shi. A New Zealand akwai ta Otago mai kilomita 152, Sifaniya kuma tun 1993 take mayar da matattun layukanta hanyoyin masu ƙafa da keke. An shimfiɗa katako a kan gadoji an yi musu shinge, an kafa alamun nisa, matafiyi ya san inda zai samu ruwa da wurin kwana. Daɗin irin wannan hanya shi ne jirgi ba ya iya hawan tudu mai tsauri, saboda haka injiniyoyi suka fasa tsauni suka cike kwari, hanyar ta kwanta. Shi ya sa tsoho da mai ciwon gwiwa ma suke iya binta.

Namu fa? Jirgi ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903, layin gabas kuma da ya haɗa mu da Akra ta Konongo, Nkawkaw, Koforidua da Nsawam an kammala shi a 1923, kimanin kilomita 300. Yau yawancinsa daji ya cinye. A cikin gari 'yan kasuwa sun baza kaya a kai, a wajen gari kuma ciyawa ta fi mutum tsayi, katakon da ke ƙarƙashin ƙarfen ya ruɓe, ƙusoshi masu tsatsa suna nan a tsaye. Gadar jirgi ba ta da daɓe, rami ne tsakanin katako da katako, kuma wanda ya ruɓe ba ya nunawa sai an taka shi. Ina roƙonku, kada kowa ya hau irin wannan gada. Sannan kada ku ɗauka duk layin da kuka gani shiru matacce ne. Jiragen ma'adini sun daɗe suna bin layin yamma zuwa Takoradi, ga kuma sabon layin Tema zuwa Mpakadan da aka buɗe a 2024. Jirgi ba ya kaucewa, ba ya tsayawa nan take, mai abin sauraro a kunne kuma ba zai ji zuwansa ba.

Wanda ransa ke son doguwar tafiya, ya zaɓi hanyar da mutane ke bi, mai ƙauyuka kusa-kusa, ya kuma fara shiri tun makonni kafin ranar. Kilomita 5 a makon farko, a ƙara kaɗan-kaɗan har jiki ya iya 15 zuwa 20 ɗauke da jaka. Tafiya sannu-sannu kwana nesa. Baba ko Hajiya da suka haura arba'in, da duk mai shan maganin hawan jini, suga ko asma, su fara zuwa asibiti a auna su, kuma su riƙe maganinsu da katin inshorar lafiya a jikinsu, ba a ƙasan jaka ba.

Abin da ya fi kayar da matafiya shi ne ƙafa. Sabon takalmi ba abokin tafiya ba ne. A sa wanda ƙafa ta riga ta saba da shi, mai rufi, da safa mai tsabta, a riƙe wata ta canji. Silifas ba ya tare ƙusa ko ƙaya. Mu da muke alwala sau biyar muna da wata dama: duk lokacin da ka cire takalmi, duba tafin ƙafarka da tsakanin yatsu, ka goge su bushe sarai kafin ka mayar da safa, domin jiƙaƙƙiyar fata ita ce ke saurin yin bororo. Da ka ji wuri yana zafi, tsaya ka manna filasta tun bai tashi ba. Ga mai ciwon suga wannan dubawa wajibi ce, saboda ciwon yana kashe jijiyoyin ji, sai mutum ya taka ƙusa ya yi ta tafiya bai sani ba. Na ga ƙaramin rauni irin wannan ya kai ga yanke ƙafa, kuma abin yana ci mini rai har yanzu. Duk wanda ƙarfe ya soka, ya wanke da ruwa da sabulu, ya je a duba ko yana buƙatar allurar tatanas a ranar.

Sai ruwa. A zafin Fabrairu da Maris mai tafiya yana iya zubar da gumin da ya kai lita guda a awa ɗaya, wato ledar fiya wata biyu. A riƙa kurɓa a kai a kai, kada a jira ƙishirwa. In fitsari ya yi ja ya ragu, ruwa ya yi ƙaranci a jiki. A riƙe ƙullin ORS, wato garin gishiri da suga na asibiti. In babu, a zuba ƙaramin cokali 6 na suga da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. A tashi bayan sallar asuba, a huta a inuwa daga hantsi ya yi zafi har la'asar. In abokinka ya fara jiri, yana magana ba kan gado, jikinsa ya ɗau zafi, ku kwantar da shi a inuwa, ku jiƙa shi da ruwa kuna fifita, ku kira motar asibiti a lamba 112 ko 193. Ruwan rafi kuwa kada a sha, kada a yi wanka a ciki: galamsey, wato haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba, ya ɓata koguna irin su Birim da Pra, ga kuma tsargiya a ruwan da ke kwance.

Tarin tsohon katako da tsakuwa mai ɗumi maɓoyar maciji ce, kasa da kumurci duk suna nan. In an samu sara, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure da igiya. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutumin zuwa asibiti maza-maza, domin maganin dafi a can yake. Lokacin da aka ɓata wajen neman mai magani a ƙauye shi ne ke jawo asarar rai.

Kada a tafi ƙasa da mutum uku, a bar wa na gida sunan garin da za a kwana, a gaida mai gari in an sauka, a ɗauki gidan sauro. Zazzaɓin da ya biyo bayan dawowa kuma a je a yi gwajin maleriya kafin a sha komai.