Jinin al'ada da atisaye mai tsanani

Atisaye mai tsanani shi ne irin tirenin ɗin da ake yi da ƙarfi na ɗan lokaci, kamar a zuba gudu na daƙiƙa 30 a huta a sake, ko ɗaga ƙarfe mai nauyi. Zagayowar al'ada kuwa yawanci kwana 21 zuwa 35 ce, ana fara ƙirge daga ranar da jini ya zo.

A kwanakin jini sinadaran estirojin da furojestaron, waɗanda jikin mace ke samarwa don tafiyar da al'ada, duk suna ƙasa. Daga nan estirojin ya riƙa hawa har zuwa fitar ƙwai, wajen kwana 14 kafin al'ada ta gaba, bayan nan sai furojestaron ya karɓi ragama, zafin jiki ya ƙaru da kamar digiri 0.3 zuwa 0.5, bugun zuciya da numfashi su ɗan ƙara sauri, shi ya sa wata za ta ga gudun da ta yi cikin sauƙi sati biyu baya yau tana ta haki a zagaye na huɗu, musamman in ana zafi. Estirojin kuma yana sa jiki ya fi ƙona kitse ya tanadi sukarin da ke ajiye a tsoka.

To amma fa a aikace bambancin ba wani mai yawa ba ne. Wani nazari da ya fito a mujallar Sports Medicine a 2020 ya tattara bincike 78, abin da ya gano shi ne ƙwazo yana ɗan raguwa a kwanakin farko na jini, raguwar da da ƙyar a lura da ita, kuma sakamakon binciken ya sha bamban sosai daga wani zuwa wani. Paula Radcliffe ta Ingila ta ce da ciwon mara ta kafa tarihin duniya a gudun fanfalaki na Chicago a 2002. Don haka jadawalin nan da ke yawo a intanet, wai ki ɗaga ƙarfe wannan satin ki kwanta wancan, gaskiya ya wuce abin da hujja ta nuna.

Abin da ya fi rage ƙarfi shi ne ciwon mara, rashin barci, da zubar jini mai yawa da ke jawo ƙarancin sinadarin ayan, wato ƙarfen da jini ke buƙata, tsoka ta kasa samun isasshiyar iska. Akwai kuma matsalar tirenin da yawa abinci kaɗan, har al'ada ta ɗauke, ƙashi ya yi rauni. In ta ɗauke wata 3 ba juna biyu ba, a ga likita. Masu shan ƙwayar tazarar haihuwa lissafinsu daban ne, don ƙwayar tana danne hawa da saukar sinadaran.