Finbol: yadda ake gasarsa da yadda ake sauya fitilun injinsa

Finbol wasa ne na inji da ake yi da ƙwallon ƙarfe a kan fili mai gangara da aka rufe da gilashi. Faɗin ƙwallon milimita 27 ne, nauyinsa kusan giram 80. Mai wasa yakan harba shi da sanda mai sifirin, sannan ya riƙa tare shi da wasu 'yan sanduna biyu da ake kira filifa, don kada ya zurma ramin da ke ƙasan filin. Duk abin da ƙwallon ya buga yana da maki, kuma yawanci ƙwallo uku ake ba mutum a wasa ɗaya. A Katsina da Daura, inda sunuka da PlayStation suka cika shagunan wasa, injin finbol baƙo ne. Mafi yawan waɗanda suka san wasan a kwamfuta suka san shi, cikin tsohuwar Windows XP.

Asali

A birnin Chicago na Amurka sana'ar ta kafu. David Gottlieb ya fitar da Baffle Ball a 1931, lokacin babu filifa, sai dai ka harba ka zuba ido. Saboda haka hukumomi suka ɗauke shi caca, har magajin garin New York, Fiorello La Guardia, ya haramta shi a 1942. Filifa ta fara bayyana a 1947 a injin Humpty Dumpty na kamfanin Gottlieb, amma haramcin bai tashi ba sai 1976, bayan Roger Sharpe ya buga wasan a gaban majalisar birnin New York ya nuna cewa gwaninta ce ke aiki. Wannan muhawara ba baƙuwa ba ce ga mutumin Katsina. Duk mai shirya gasa a nan zai fi samun kwanciyar hankali idan ba a ɗora kuɗi a kan wasa ba, kuma kyauta ta fito daga mai masauki ko mai ɗaukar nauyi.

Tsarin gasa

Ƙungiyar finbol ta duniya, wato IFPA, ita ce ke riƙe da jadawalin 'yan wasa na duniya, wanda ake kira WPPR, tun 2006. Gasar da aka yi wa rajista da ita tana ba 'yan wasa makin jadawali gwargwadon yawan mahalarta, ƙarfinsu, da yawan wasannin da aka buga.

Tsarin da ya fi dacewa da ƙaramin wuri shi ne na rukuni. Ana haɗa mutum huɗu a inji ɗaya, kowa ya buga ƙwallonsa bi da bi. Na ɗaya ya samu maki 7, na biyu 5, na uku 3, na ƙarshe 1. Idan mutum uku ne sai a ba da 7, 4, 1. Bayan kowane zagaye a sake rarraba rukunai. Akwai kuma tsarin kora, inda waɗanda suka zo ƙarshe ke samun tabo, wanda ya tara tabo uku ya fita. Manyan gasa kan fara da tantancewa: kowa ya buga injina shi kaɗai, a jera makinsa da na saura, waɗanda suka haura su shiga zagayen ƙarshe.

Dokokin da ake yawan rigima a kansu 'yan kaɗan ne. An yarda a ɗan tura inji don karkata ƙwallo, wannan cikin wasa yake. A cikin akwatin injin akwai wani ƙarfe mai lilo a tsakiyar zobe. Idan ya taɓa zoben sai injin ya yi gargaɗi, yawanci sau biyu, na uku kuma ya rubuta TILT, filifa ta mutu, ƙwallon da garaɓasar makinsa su tafi. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne dukan inji don dawo da ƙwallon da ya riga ya faɗa hanyar fita. Wanda ya buga ƙwallon wani ya rasa wasan. Idan ƙwallo ya maƙale, mai wasa ba ya buɗe komai, alƙalin gasa zai cire gilashi ya ɗora shi a kan filifa ko a bakin sandar harbi. Ƙarin ƙwallon da inji kan ba mai wasa kyauta kuwa ana kashe shi tun daga saitin inji, ko a harba shi a bar shi ya zube.

Bambancin gwani da ɗan koyo yana wajen tsayar da ƙwallo. Ɗan koyo yana bugun duk abin da ya zo masa. Gwani yakan ɗaga filifa ya riƙe ƙwallo a gindinta, ya duba fitilun da ke ƙyaftawa, ya zaɓi inda zai harba. Wani lokaci ma ba ya taɓa maɓalli sam, sai ya bar ƙwallon ya doki filifa ɗaya ya tsallaka ɗayar a hankali. Duk wannan sai da ido ya ga ƙwallon da kyau, kuma ya karanta fitilun daidai, shi ya sa gyaran fitila ya shafi gasa kai tsaye.

Kafin gasa ana daidaita injin zamani a gangarar digiri 6.5, a tabbata bai karkata hagu ko dama ba, a goge fili, a sa sabon ƙwallo idan tsohon ya yi zane.

Ire-iren fitilun

Fitilun tsohon inji kashi uku ne, kuma kowane kashi da wutarsa. Na farko su ne masu haska fili gaba ɗaya, da ke ɓoye ƙarƙashin robobin ado da bayan gilashin sama. Suna cin volt 6.3 na wutar AC. Na biyu su ne na tagogi, wato 'yan robobi masu launi da aka dasa a cikin katakon fili, waɗanda kwamfutar injin ke kunnawa don gaya wa mai wasa abin da ya kamata ya buga. Na uku masu walƙiya ne, ƙwayayen volt 13 da ake ba su wuta mai ƙarfi ta ɗan lokaci.

Lambar da ke jikin ƙwai ita ce jagora. Lamba 44 da 47 gindinsu na ƙarfe ne, ana dannawa a murɗa. 44 na jan amfiya 0.25, 47 na jan 0.15. Lamba 555 gindinsa gilashi ne da ake cusawa, shi ma amfiya 0.25. Masu walƙiya su ne 89 mai murɗawa da 906 mai cusawa.

Lissafin a bayyane yake. A ce inji na da ƙwai 50 masu lamba 44 a layin haska fili: amfiya 12.5 ke nan, kusan wat 79, kuma mafi yawansa zafi ne. Zafin nan ke lanƙwasa robobin ado, ya ɓamɓare fentin gilashin sama, ya ƙona filogin wayoyi. A injinan kamfanonin Williams da Bally masu tsarin kwamfuta da ake kira WPC na shekarun 1990, filogin J120 da J121 sun yi suna wajen yin baƙi ƙirin. A ɗakin da ke da rufin kwano a watan Afrilu, abin ya fi haka muni. Ƙwan LED ba ya jan ko sulusin wannan wuta, kuma wannan ita ce babbar ribar sauyin, ta fi ƙawa muhimmanci.

Yadda ake sauyawa

A kashe inji a zare waya daga soket. Wutar da ke motsa filifa ta kai volt 50, ta allon maki kuwa a wasu injinan ta haura 100. A buɗe ƙofar kuɗi, a ja hannun da ke sakin ƙarfen gaba, a zare gilashi. A fitar da ƙwallayen duka kafin a ɗaga fili, in ba haka ba za su gangaro su fasa roba. A ɗauki hoton kowane sashe da waya kafin a kwance shi.

Kafin a sa ƙwai ko ɗaya, a duba filogi da holda. Filogin da ya ƙone a sauya shi tare da fil ɗin da ke kan allon lantarki, domin sauya ɗaya a bar ɗaya aikin banza ne. Kowane mai gyaran rediyo da ya iya dalma zai yi shi. Tagogin kuma a goge su ta ƙasa da auduga da ɗan sifirit. Ƙurar hunturu da baƙin hayaƙin ƙwai kan taru a nan, har wani ya zaci ƙwan ne ya dushe.

Sai zaɓen launi. Taga ja a sa mata jan LED, koriya kore, shuɗiya shuɗi. Rawaya da ruwan lemo sun fi kyau da fari mai ɗumi, na wajen Kelbin 2700 zuwa 3000 a ma'aunin launin haske, domin fari mai sanyi na mayar da rawaya kamar koriya. A layin haska fili a yi amfani da fari ɗaya tak, mai kan dusa-dusa da ke baza haske. Masu sa shuɗi ko algashi a nan suna samun hoto mai kyau, amma ƙwallon azurfa na ɓacewa a cikinsa, kuma ɗan gasa zai ƙi injin. Ƙwan da ke fuskantar idon mai wasa, musamman mai walƙiya, kada ya zama mai ƙarfi; kashe ido na daƙiƙa ɗaya ya isa a rasa ƙwallo.

A riƙa sauya layi ɗaya, a kunna a gwada ta menun gwajin fitila, sannan a ci gaba.

Wani tarko na kusa: masu sayar da kayan mota suna da ƙwan LED mai gindin T10 da ke shiga holdar 555 daram. Na volt 12 ne. A wutar 6.3 ko dai ya ƙi kamawa ko ya yi haske kamar fitilar da kananzir ya ƙare mata, da yawa kuma an yi su ne don wutar batir, sai su riƙa rawa a AC. Akasin haka ya fi haɗari, wato sa LED na 6.3 a holdar walƙiya, domin nan take zai ƙone.

Matsalolin da ke biyo baya

Na farko shi ne hasken fatalwa: tagar da ya kamata ta mutu sai ta riƙa ɗan haske. A injinan Williams da makamantansu fitilun tagogi 64 na jere ne layi takwas a tsaye, takwas a kwance, ana watsa musu volt 18 layi bayan layi da sauri. Ɗan abin da ke zubowa tsakanin layi da layi bai isa ya ɗumama zaren tsohon ƙwai ba, amma LED na kama shi. A gasa wannan ƙarya ce injin ke yi wa mai wasa. Maganinsa LED da aka yi musamman don hana fatalwa, ko allon LED OCD da ake sawa tsakanin injin da fitilu, wanda ke dawo da dushewa a hankali irin ta da. Idan wasu fitilu ne ke kamawa tare da wadda aka kunna, a nemi dayod da ya lalace a jikin holda, a sauya shi da 1N4004.

Na biyu ya shafi injinan Bally da Stern na ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980. Makunnin fitilunsu na buƙatar a ja wuta daidai gwargwado kafin ya tsaya a kunne, LED kuwa ba ya ja, sai ya riƙa ƙyaftawa. Ana ɗora rasista mai om 470 a kan kowace holda, ko a sauya allon fitilun da sabo.

Na uku, injinan WPC kan rage hasken fili yayin wasa, LED kuma na farfaɗiya idan an rage masa wuta ta wannan hanya. A kashe ragewar daga menu, ko a sa allon GI OCD, takwaran LED OCD na fitilun haska fili.

Injinan Stern masu tsarin SPIKE da na Jersey Jack da LED suke zuwa tun daga kamfani, mafi yawan fitilun tagoginsu ƙananan alluna ne da ake sauyawa ɗungurum.

Wutar gida

Wutar Najeriya volt 230 ce mai hats 50 (ma'aunin saurin juyawar wutar AC), ta Amurka 120 mai hats 60. Injin da aka sauko da shi daga Amurka kada a jona shi sai an duba taransifomarsa. Tsofaffin Williams da Bally ana iya sauya haɗin wayoyinsu zuwa 230, tare da sauya fiyus da varistor, wato abin kariya daga hauhawar wuta, zuwa girman da littafin injin ya nuna. Wasu injinan Stern da aka yi don kasuwar Amurka kan ƙi tashi idan sun ji hats 50, don haka a tambayi mai sayarwa tun kafin biya. Idan wuta ta yi ƙasa, injin WPC kan mutu ya sake tashi da zarar an danna filifa biyu tare, domin volt 5 na kwamfutarsa ya faɗi. Ranar gasa a ɗora injin a kan sitabilaiza, kuma a jinkirta sauyawa zuwa janareta har rukuni ya gama wasansa, domin idan wuta ta yanke makin da ke allo ya tafi, sai abin da alƙali ya rubuta a takarda.