Wanda ya kashe yaro, me doka ta ce a yi da shi a gidan yari?

Duk lokacin da aka kama wani da laifin kashe ƙaramin yaro a Kano maganganu biyu ne ke yawo a Facebook da majalisu. Wasu su ce a kai shi gidan yarin Kurmawa kawai a bar 'yan ciki su gama da shi, wasu kuma su ce tunda alƙali ya ce a rataye shi to me ake jira, ana ta ciyar da shi da kuɗin talakawa? Wallahi na fahimci zafin, babu mai ɗa ko ƙani da zai ji irin wannan labarin zuciyarsa ba ta tafasa ba. Amma doka tana da nata tsarin, kuma in ba mu san shi ba fushinmu zai ta tafiya inda ba zai amfana wa yaran da suka rage komai ba.

Mu ɗauki shari'ar da kowa ya sani, ta Hanifa Abubakar, 'yar shekara 5 da aka sace a watan Disamba 2021 tana dawowa daga Islamiyya. Wanda ya ɗauke ta ba baƙo ba ne, mai makarantar bokon da take zuwa ne, Abdulmalik Tanko, ya nemi fansar naira miliyan 6 sannan ya kashe ta da shinkafar ɓera. An kama shi a Janairu 2022, ranar 28 ga Yuli 2022 kuma Babbar Kotun Kano ƙarƙashin Mai shari'a Usman Na'abba ta yanke masa hukuncin kisa ta hanyar rataya shi da wanda ya taimaka masa. A yadda shari'a ke jan ƙafa a ƙasar nan, wannan an yi sauri sosai.

To amma yanke hukunci daban, zartarwa daban. Sashe na 221 na kundin Penal Code shi ya ce wanda ya yi kisa da gangan hukuncinsa kisa ne, sai dai daga ranar da alƙali ya faɗa, mai laifin yana da haƙƙin ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, daga nan zuwa Kotun Ƙoli a Abuja, kuma muddin ƙarar tana gaban kotu babu mai ikon taɓa shi ko da gwamna ne. Wannan ba yau aka fara ba, an taɓa rataye wani mutum Nasiru Bello a jihar Oyo alhali ƙararsa ba ta ƙare ba, a 1986 Kotun Ƙoli ta ce abin da gwamnatin ta yi haramun ne a doka. Shi yasa ko da gwamna Ganduje ya fito a wancan lokacin ya ce zai sa hannu in kotu ta yanke hukunci, maganar ba ta hannunsa kaɗai ba ce, sai kotuna sun gama tukuna, kuma wannan hawa-hawan kan ci shekaru.

Bayan kotuna sun gama sai a zo kan biron gwamna. In laifin na dokar jiha ne gwamna ne zai sa hannu a takardar zartarwa, kuma sashe na 212 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba shi ikon yin afuwa ko sassauta hukuncin bayan ya ji shawarar kwamitin afuwa. Gaskiyar magana gwamnoninmu ba sa son sa hannun nan, wasu tsoron Allah kada a kashe marar laifi, wasu tsoron surutun ƙungiyoyin kare haƙƙi, wasu kuma siyasa ce kawai. Zartarwar da aka sani a baya-bayan nan a jihar Edo ce, mutum 4 a 2013 sai mutum 3 a ƙarshen 2016. Sakamakon haka yanzu mutanen da ke zaune a gidajen yarin Najeriya suna jiran hauni sun haura 3,000.

Ga wani wuri da mutane da yawa ba su sani ba. A 2019 Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar gidajen yari, wadda ta sauya sunan hukumar zuwa ta gyaran hali, shi yasa yanzu za ka ji a rediyo ana cewa gidan gyaran hali maimakon kurkuku. Sashe na 12 na dokar ya ce in wanda aka yanke wa kisa ya gama duk ɗaukaka ƙararsa, aka shekara 10 ba a zartar ba, babban jojin jiha yana iya mayar da hukuncin ɗaurin rai da rai. A lura, dokar cewa ta yi yana iya, ba ta ce dole ba. Amma ma'anarta a fili take, in gwamnoni suka ci gaba da noƙewa hukuncin kisa yana iya narkewa da kansa ba tare da kowa ya fito ya ce ya yafe ba, iyayen yaron kuma babu wanda zai zo ya yi musu bayani. Ni a ganina nan ne ya kamata a matsa wa masu mulki, ko su zartar ko su fito su faɗa wa jama'a dalilinsu.

Wani zai ce ai da a kotun Musulunci aka kai da tuni an gama. A shari'ar Musulunci kisa da gangan ƙisasi ne, magada suna da zaɓin a kashe ko su karɓi diyya ko su yafe, amma a mazhabar Malikiyya da muke bi kisan gilla, wato a yaudari mutum a kai shi ɓoye a kashe, babu yafiya a cikinsa. Sai dai ko kotun shari'a ce ta yanke, ɗaukaka ƙarar nan tana nan, sa hannun gwamnan ma yana nan.

Sai batun zaman cikin gidan yarin. Wanda aka yanke wa kisa ba a haɗa shi da masu jiran shari'a ko masu ƙananan ɗauri, ɓangarensu daban ne kuma tsaronsa ya fi tsanani, ba a fita da su aikin waje. Masu ƙayyadadden ɗauri ana rage musu wani kaso in sun nuna halin kirki, shi wanda ke jiran rataya babu wasu shekaru da za a rage masa. Amma dokar ba ta ba gandiroba ko ɗan fursuna izinin dukansa ko hana shi abinci da magani ba. Sashe na 34 na tsarin mulki ya hana azabtar da kowa, akwai kuma dokar hana azabtarwa ta 2017 da ta mai da shi laifi ko a kan wa aka yi. In wani fursuna ya kashe shi a ciki, shi ma sabuwar shari'ar kisa ce ta hau kansa. Na san wannan bai yi wa mutane daɗin ji ba, to amma a tuna mafi yawan waɗanda ke cunkushe a Kurmawa da Goron Dutse ba a ma yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke, wasu talauci ne ya hana su beli, in aka buɗe ƙofar cewa 'yan ciki su riƙa hukunta wanda suka ga dama to su ne za su fara shan wuya, ba wai mugun kaɗai ba.

Ko a Ingila da ba sa hukuncin kisa abin haka yake, masu kashe yara su ne aka fi tsana a kurkuku har sai an ware musu ɓangare. Ian Huntley, mai kula da ginin wata makaranta da ya kashe 'yan mata biyu 'yan shekara 10 a garin Soham a 2002, an watsa masa tafasasshen ruwa a 2005, a 2010 wani ya yanke shi a wuya. Amma abin da ya canza wa yaransu rayuwa ba wannan ba ne, binciken da aka yi ne a 2004 wanda ya gano an sha kai ƙararsa wurin 'yan sanda a baya kan lalata da 'yan mata amma bayanin bai isa ga masu ɗaukarsa aiki ba, daga nan suka tsananta tantance duk wanda zai yi aiki kusa da yara.

Mu fa? Gwamnatin tarayya ta yi dokar haƙƙin yara tun 2003, Kano ba ta samu tata dokar kare yara ba sai 2023, shekara 20 kenan. A tsakanin nan ne aka gano yaran Kano 9 a Onitsha a 2019 an sace su an sayar, har aka ɗaure Paul Owne shekara 104 a 2021. Bayan rasuwar Hanifa gwamnati ta soke lasisin makarantu masu zaman kansu ta ce kowa ya sake rajista, to amma ka zaga Dakata ko Kurna ko Sheka ka ga yadda ake buɗe makaranta a gida mai ɗaki huɗu, wa ya binciki tarihin malamin, wa ya san ɗan adaidaitan da ke kwaso yaran? Hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane tana da rajistar masu laifin lalata tun 2019, mai makaranta nawa ne ya taɓa dubawa kafin ya ɗauki ma'aikaci?

Kuma mu kanmu muna da namu, a yi wa yarinya fyaɗe a unguwa sai a taru a zaure a ce a rufa asiri don ɗan wane ne, mutumin ya koma wata unguwar ya ci gaba. Laifi irin wannan na hukuma ne, mai unguwa ba shi da ikon sasanta shi, kuma akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala da ke duba waɗanda aka ci wa zarafi. In yaro ya ɓata babu wata doka da ta ce sai an jira awa 24, a je ofishin 'yan sanda mafi kusa nan take, a sanar a masallaci da gidan rediyo, makarantar kuma a tambaye ta a rubuce wa ta miƙa wa yaron ranar.