Wai tambayar ina kuɗin tsaro suka shiga laifi ne? Ga abin da doka ta ce

Kwana biyun nan wani saƙon murya yana ta yawo a WhatsApp, a guruf ɗin danginmu kaɗai sau uku aka turo shi, wani bawan Allah ne yake ta rantse-rantse wai yanzu duk wanda ya rubuta wa ofishin gwamnati takarda yana tambayar ina aka kai kuɗin tsaro, ko me aka bayar kafin a sako ɗaliban da aka sace, to za a ɗauke shi a matsayin mai taimakon 'yan ta'adda kuma shekara 14 ce a gidan yari. Gwaggona har kirana ta yi, "ɗan nan ka rufa mana asiri ka bar rubuce-rubucen nan haka." Na ce to Gwaggo, amma bari dai in yi guda ɗaya, don maganar nan an haɗa gaskiya da ƙarya ne an dama.

Shekara 14 ɗin ba ƙirƙirarta ya yi ba. Tana cikin Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962, tsohuwar doka tun zamanin su Tafawa Ɓalewa, kuma hukunci ne na wanda ya fitar da takardar da aka yi wa tambarin sirri ko ya mallake ta ko ya kwafe ta ba da izini ba. Babu inda ta ce wanda ya yi tambaya. Tambaya kuwa akwai dokar da ta ba ka ita dungurungum, wato Dokar 'Yancin Samun Bayanai da 'yan jarida ke ce wa FOI, wadda ta daɗe tana jan ƙafa a majalisa, Obasanjo ya sauka a 2007 bai sa mata hannu ba, sai Jonathan ne ya sa a ranar 28 ga Mayu 2011. Ta hau kan ma'aikatu da hukumomi da majalisa da ɓangaren shari'a, har kamfani mai zaman kansa in dai kuɗin jama'a yake taɓawa. Sojoji da 'yan sanda ba a ware su ba.

Sashe na 1 ya ce kowa na da ikon nema, kuma ba sai ka faɗi dalilinka ba. Wannan fa ku riƙe shi, don abu na farko da za a tare ka da shi a bakin ofis shi ne "kai waye, me za ka yi da shi, wa ya turo ka". Wanda bai iya rubutu ba wani zai iya rubuta masa. Suna da kwana 7 su ba ka ko su rubuto maka dalilin hanawa da sashen da suka dogara da shi, za su iya ƙara wasu kwana 7 in takardun na da yawa, in suka yi gum kuma doka ta ɗauka sun hana ka ke nan. Kuɗin da za ka biya bai wuce na fotokwafi ba.

To amma ai akwai sirrin tsaro, za ka ce. Akwai. Sashe na 11 ke nan, kuma a nan ne mutane suke ruɗewa, su ma jami'an wallahi wasunsu rabin sashen suka haddace. Rabin farko ya ce hukuma za ta iya hana bayanin da fitar da shi zai iya cutar da hulɗar Najeriya da ƙasashen waje ko tsaron ƙasa. "Za ta iya" aka ce, ba a ce dole ba, kuma sai an nuna cutarwar, ba wai don kawai kalmar soja ta fito a takarda shi ke nan an kulle. Rabin na biyu kuma, wanda ba a son karantawa, ya ce duk da haka ba za a hana ba idan amfanin da jama'a za su samu daga sanin abin ya rinjayi cutarwar da ake tsoro. Wato sikeli ne aka ajiye, a ɗora wannan a ɗora wancan.

Misali yanzu ka nemi a faɗa maka ta wace hanya sojoji za su shiga dajin Sambisa ko dajin Rugu gobe, ko sunan ɗan ƙauyen da yake kai musu rahoto, ai kai ma ka san ba mai ba ka, kuma bai kamata a ba ka ba, ran mutane ne. Amma kwangilar sayen motoci da aka bayar shekara biyar da suka wuce, nawa aka biya, wane kamfani ne, an kawo ko ba a kawo ba, wane ɗan bindiga ne zai amfana da wannan? Mun dai ga zargin dala biliyan 2.1 na kuɗin makamai da aka tuhumi Sambo Dasuki, tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, a kai tun 2015, kuɗin da ake zargin sun salwanta lokacin da sojoji ke kukan ba su da kayan aiki garuruwan Borno da Adamawa na faɗuwa, duk a ƙarƙashin inuwar sirri abin ya gudana. Ko Tudun Biri, Disambar 2023, jirgin soja mara matuƙi ya jefa wa masu Mauludi bam, hukumar agajin gaggawa ta NEMA ta ce aƙalla mutum 85 ne suka mutu, sojoji da bakinsu suka amsa kuskure ne. In dangin mamatan suka nemi cikakken rahoton bincike, ni dai a nawa karatun sikelin a ɓangarensu ya fi nauyi, in ma akwai layi biyu ko uku masu haɗari a ciki ai sashe na 18 ya ce a cire su a ba da sauran, ba a riƙe takardar gaba ɗaya ba.

Sai tambarin nan na "sirri" da ake bugawa da jan tawada. Sashe na 28 ya yi maganarsa ƙarara: kasancewar takarda na ɗauke da tambarin sirri a ƙarƙashin dokar 1962 bai hana a bayar da ita ba, sai jami'i ya duba ko ta faɗa cikin abubuwan da ita FOI ta keɓe. Tambari kaɗai ba hujja ba ne. Kuma duk wanda ya taɓa aikin gwamnati ya san har takardar ƙarin girma ana buga mata shi.

Inda suke da ɗan ƙarfi shi ne sashe na 12, na binciken laifi. A Fabrairun 2022 Lai Mohammed, ministan yaɗa labarai na lokacin, ya fito ya ce an gano mutum 96 masu ɗaukar nauyin ta'addanci, jama'a suka ce to a faɗi sunaye mana, gwamnati ta riƙa cewa bincike bai ƙare ba kuma magana za ta je kotu. A doka wannan uzuri ne karɓaɓɓe, don bayyana suna zai iya ɓata bincike ko ya hana mutum shari'ar adalci. Sai dai uzuri ne mai wa'adi, bincike ai ba ya zama har abada, kuma shi ma sashen yana da irin wancan sikelin na amfanin jama'a. Abin da ke cin ran mutane shi ne ka kira lamba a gaban kyamara sannan ka ce sauran sirri ne, to daga nan kowa sai ya cike gurbin da sunan wanda ya tsana, shi ya sa yau in gwamnati ta ce ba a biya ko sisi na kuɗin fansa ba, kamar yadda ta faɗa a kan ɗaliban Kuriga 137 a Maris ɗin 2024, ko gaskiya ce ta faɗa sai ka ji ana dariya a majalisar mai shayi.

In an hana ka, kana da kwana 30 ka je kotu, kuma a can ba kai za ka tabbatar da cewa ka cancanta ba, su ne za su tabbatar da cewa hanawar na bisa doka, alƙali ma zai iya cewa a kawo masa takardar ya duba da idonsa. Da can jihohi da yawa cewa suke dokar ta tarayya ce ba ta shafe su ba, a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta raba gardama a wata shari'a daga jihar Edo, ta ce ta hau kan jihohi ma. Ke nan gidan gwamnatin jiharku ba shi da wannan mafakar yanzu.

Hukuncin wanda ya hana fa? A nan ne dariya take zuwa min da takaici tare. Tarar naira 500,000, ita ma sai an gurfanar da jami'in ko hukumar an same su da laifi. A 2011 kuɗi ne, ya haura dala 3,000. Yau ko sabon babur ba zai saya ba, irin baburan da 'yan bindiga ke sa a haɗo musu da kuɗin fansa. Wanda ya lalata takarda ko ya sauya abin da ke cikinta da gangan shi ne aka ce aƙalla shekara 1 a gidan yari. To ka ɗora wannan kusa da shekara 14 ɗin wanda ya fitar da sirri, ka sa kanka a kujerar ƙaramin ma'aikaci mai 'ya'ya shida, wanne za ka fi tsoro? Ni ban ga laifinsa sosai ba in ya tura takardarka ƙasan durowa, laifin na waɗanda suka bar lissafin haka ne shekara da shekaru.

Abu ɗaya da zan yarda da mai saƙon murya, kada wani ya ji wannan bayanin ya ɗauko takardar sirri da ta ɓullo ya manna a Facebook yana cewa FOI ta ba shi. Eh, sashe na 27 ya kare ma'aikacin da ya fallasa almundahana ko ɓarnar dukiya ko haɗari ga lafiyar jama'a, ya kare wanda ya karɓa ya yaɗa, amma shirin kai farmaki ba ya cikin wannan, kuma ko kana da gaskiya sai an ɗauke ka tukuna lauya zai zo ya karanta sashen. Mun ga yadda sojoji suka dira ofisoshin Daily Trust na Abuja da Maiduguri a Janairun 2019 saboda labarin da jaridar ta buga na shirin ƙwato garin Baga daga hannun 'yan ta'adda.

Wanda zai rubuta takardar neman bayani, ya sa sunan shugaban hukumar a sama, ya ambaci dokar ta 2011, ya faɗi takamaiman takardar da shekararta, kada ya zuba wa'azi ko zagi a ciki. Ya yi kwafi biyu, ya tsaya a buga masa hatimin karɓa da kwanan wata a nasa kafin ya bar wurin, don daga wannan ranar ake fara ƙirga kwana 7 ɗin, kuma ita ce takardar farko da lauya zai tambaye shi.