Ɗan haya ya makara da biya: dole ne a sabunta masa yarjejeniya?

Abu biyu ne mutane ke cakuɗawa: fitar da ɗan haya tun wa'adinsa bai cika ba, da ƙin sabunta masa yarjejeniya bayan ta ƙare. Na farkon sai da ƙwaƙƙwarar hujja. Na biyun kuwa, a ƙasashe da dama, ganin damar mai gida ne, muddin takardar ba ta ba ɗan haya zaɓin sabuntawa ba. Don haka kai mai gida, fara ɗauko takardar yarjejeniyar. Wata tana ɗauke da kwanakin rangwame bayan ranar biya, kuma wanda ya biya a cikinsu sau da yawa bai makara ba a idon doka, komai haushin da ka ji.

Akwai inda aka ɗaure hannun mai gida. A jihar Kalifoniya ta Amurka, dokar 2019 ta hana fitar da wanda ya shekara a yawancin gidajen haya sai da dalilin da doka ta lissafa. A Jamus, bashin wata biyu na ba mai gida damar soke yarjejeniya nan take, amma jinkirin mako guda sau ɗaya bai kai nan ba.

Ga inda masu gida suka fi faɗawa rami. Wa'adi ya ƙare ranar 31, ba ka ce uffan ba. Ranar 3 saƙon banki ya shigo wayarka, kuɗin sabon wata ne, ka sa a aljihu. A ƙasashen da ke bin tsarin shari'ar Ingila, wannan karɓar kan haifar da sabuwar haya ta wata-wata ko da ba a sa hannu a komai ba, kuma ba ta ƙarewa sai da sanarwa. Haka ma wanda ya saba karɓar kuɗi a makare bai taɓa ƙorafi a rubuce ba. Alƙali na iya cewa ai ka lamunta.

Ni dai makara ɗaya daga wanda ya kira ya ba da uzuri ba ta isa in rabu da shi ba, don wata guda da gida zai yi a rufe ya fi jinkirin kwana biyar asara. Ana iya sabuntawa na gajeren wa'adi, a rubuta ranar biya ɓaro-ɓaro. In kuwa rabuwa ka zaɓa, aika sanarwa a rubuce kan lokaci, ka adana shaidar isarta. Idan ya ƙi tashi, kotu za ka nufa. Canza kwaɗo ko yanke ruwa na iya mayar da kai wanda ake ƙara.